Yadda Akwatin Intanet Ya Mayar da Ni Baƙuwa a Gidana

Daga:
Ungozoma mai ritaya,
Gida mai koren ƙyaure, ƙarshen layi, gab da kwalbati,
Unguwar bayan tsohon asibiti.

Litinin, 20 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Manajan Sashen Sauraron Koke-koken Abokan Hulɗa,
Kamfanin da ya haɗa mana intanet,
Ofishin Shiyya, hawa na biyu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA WAYATA SHIGA WAIFAI ƊIN GIDANA DA SUNAN TSARO, DA ABIN DA HAKAN YA JAWO

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da dukan wayoyin gidanka, waɗanda nake kyautata zaton babu wadda aka kora daga cikinsu. Ina neman afuwa da na rubuto a kan takarda irin ta mutanen da. An shaida mini cewa kamfaninku yana da kyakkyawan shafi na karɓar ƙorafi a intanet, mai launi-launi, sai dai ban samu zarafin ganinsa ba, saboda dalilin da ya sa nake ƙorafin.

Domin kada a ce wata ce daga titi: ni ungozoma ce, na yi aiki a ɗakin haihuwa har ƙarfina ya ƙare, aka sallame ni da takardar yabo da agogon bango. A unguwa Mama Asibiti ake kirana. Ina zaune a gidan da muka gina ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, tare da ɗana, direban babbar mota wanda ba ya kwana gida sai jefi-jefi, da matarsa, malamar firamare. Ina da 'ya mace guda, tana aure a wata ƙasa mai nisa da sai an hau jirgi. Gidanmu a kwari yake, sabis ɗin waya ba ya sauko mana, mai son kira sai ya hau tudu zuwa bakin titi. Shi ya sa marigayi ya sa kuka kafa mana akwatin nan naku mai ƙaho biyu da fitilu masu ƙiftawa, wanda yaranku ke kira rawuta. Yana nan a falo a kan kabad, na shimfiɗa masa ɗan ƙyalle mai ado, ina share masa ƙura kowace safiya. Ban taɓa yi masa laifi ba.

Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi:

1. A ƙarshen watan Agusta intanet ɗin gidanmu ya fara tafiya irin ta mai ciki wata tara. In na kira 'yata ta bidiyo, sai fuskarta ta tsaya cak, baki a buɗe, ni ina ta magana da hoto. Ban sha wahalar gano dalili ba. A jikin katangarmu ta waje akwai dakali wanda a da babu mai hawansa sai awaki, sai ga shi ya zama majalisa. Samari sun jera, kowa ya duƙar da kai kan waya kamar masu rubuta jarrabawa. Shagon mai aski da ke manne da katangar kuwa ya fara nuna wa jama'a ƙwallo. Wani ya ba wani lambar sirrinmu, wani ya ba abokinsa, har na samu labarin an rubuta ta da biro a bangon shagon, ƙarƙashin hotunan salon aski. Sai na kira ofishinku na roƙi a taimaka. Wannan kira, ranka ya daɗe, ni na yi shi da bakina, kuma a ranar babu wanda ya tambaye ni ko ni wace ce.

2. Ranar Talata, 2 ga Satumba, kuka turo injiniya. Litinin aka yi mini alkawari, na zauna na jira shi har rana ta faɗi. Shi kuwa ya zaɓi Talata, ranar da nake ganin likitan gwiwa. Surukata ya tarar a gida, don ba a koma makaranta ba tukuna. Ta ba shi kujera da ruwan sanyi. Ya bayyana mata cewa canza lambar sirri aikin yara ne, shi zai yi mana abin da ya fi haka. Ya ce kowace waya tana da wata lamba tata da aka haife ta da ita, zai sa wa akwatin rariya, ya shigar da lambobin wayoyin gida, duk wadda ba ta ciki ba za ta wuce ba ko da ta haddace lambar sirri. Dabara ce mai kyau, na yaba. Mu ma a asibiti haka muke yi, muna ɗaura wa jariri lamba a hannu don kada a musanya shi. Bambancin kawai shi ne mu mukan duba fuskar uwar kafin mu ɗaura.

Injiniyanku bai tambayi mutum nawa ne a gidan ba. Bai ce a kawo wayoyi ya gani ba. Ya buɗe kwamfutarsa, ya ga duk na'urorin da ke hawe kan waifai ɗin a wannan lokacin, ya juyo da allon ya tambayi surukata ko duk na gida ne. Yarinyar nan 'yan aji uku take koyarwa. Ta ga haruffa da lambobi a cakuɗe, ta gaya masa gaskiya cewa ita ba ta gane ba, ya jira Mama ta dawo. Ya ce yana da sauran gidaje. Ya danna abu guda, ya amince da su gaba ɗaya, ya rufe ƙofa ga duk wanda ba ya nan. Sannan ya shanye ruwan, ya sa ta sa hannu a kan cewa aiki ya yi kyau, ya hau babur ɗinsa.

3. Ina so mai girma Manaja ya san waɗanda kamfaninsa ya tantance a matsayin iyalina. Akwai wayar mai aski da talabijin ɗin shagonsa. Akwai duk samarin dakali da suka yi sammakon fitowa aiki a ranar. Akwai wata kwamfuta da har yau ba mu san mai ita ba, amma muna yi mata fatan alheri tun da ta zama 'yar gida. Daga cikin masu cin abinci a tukunyata, wayar surukata ce kaɗai ta tsira. Ɗana yana kan hanya da lodi, ya faɗi jarrabawar. Ni kuwa ina kan bencin asibiti da wayata a jaka, ina jiran a kira ni.

Da na dawo, wayata ta ga waifai ɗin, ta gaishe shi, ya ƙi amsawa. Na saka lambar sirri, wadda ni na zaɓe ta. Aka ce an ƙi. A kwamfutarku, kamar yadda aka karanta mini daga baya, sunana "na'urar da ba a sani ba". Na gode. An kira ni sunaye iri-iri a ɗakin haihuwa, don mace mai naƙuda ba ta tauna magana, amma wannan sabo ne.

Adalci ya sa dole in ambaci cewa aikin bai tashi a banza ba. Mai aski da kansa ya tare ni a hanya ya yi mini godiya, ya ce tun da aka rage cunkoso ƙwallo ba ta sake tsayawa ba.

4. Da ɗana ya dawo daga tafiya ya ce abin ba wuya, a shiga cikin akwatin a ƙara lambar wayata da tasa. Sai muka tarar injiniyanku, don ƙarin tsaro, ya canza mabuɗin shiga akwatin, ya tafi da shi a cikin kansa. Ɗana ya ce akwai wani ɗan rami a bayan akwatin, in an tsira allura komai zai koma yadda ya fito daga kwali. Muka juya akwatin, muka tarar da takardarku a manne kan ramin da jan rubutu, cewa duk wanda ya ɓalle ta layinsa zai mutu har sai injiniya ya zo. Mun riga mun ga abin da zuwan injiniya ke haifarwa. Na karɓe allurar daga hannunsa.

5. Na hau tudu zuwa bakin titi, da gwiwar da likita ya ce in hutar, na kira lambarku. A miƙa gaisuwata ga wanda ya zaɓi kiɗan jira, na haddace shi, har a wurin wanke-wanke nakan ji ina rera shi. Wata murya ta sha gaya mini cewa kirana yana da muhimmanci a gare ku. Da aka ɗauka, wata yarinya mai ladabi ta ce in kashe akwatin in kunna. Na ce ina bakin titi. Ta ce in koma gida in yi, amma kada in katse kiran. Na bayyana mata cewa in na sauka kwari kiran zai katse da kansa. Sai ta ba ni shawara in kira su ta waifai. Na tambayi labarin injiniyan, aka ce an ƙara masa girma, an mayar da shi wata shiyya. Ina taya shi murna. Ina kuma jajanta wa shiyyar.

6. Ranar Laraba, 17 ga Satumba, na zo ofishinku da ƙafata, na hau benen nan naku wanda lif ɗinsa ke hutu. Saurayin da ke teburi na farko ya saurare ni da kyau, ya duba kwamfuta, ya ce ƙa'ida ita ce mai asusun ne kaɗai zai iya neman a ƙara na'ura, asusun kuwa da sunan maigidana yake. Na shaida masa cewa maigidana ya rasu tun bara waccan. Ya yi mini ta'aziyya, har ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago ya ce duk da haka zai fi sauƙi in shi ya zo da kansa, ko ya rubuto takardar izini. Ban yi fushi ba, yaro ne, abin da aka koya masa ya faɗa. Na dai lura cewa duk ƙarshen wata idan na biya kuɗin layin, kamfaninku bai taɓa neman marigayi ya zo da kansa ba. A wajen karɓa kun san ni sarai.

Daga ƙarshe ya ce in haɗo takardar shaidar rasuwa da ta aure da ta gado, a mayar da asusun sunana. Na shiga neman su ofis-ofis. Kafin nan na koma aron wayar surukata da yamma in ta dawo daga makaranta. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa nuna mini a fuska ba, ita ce ma take jin kunya. Amma ni da gidana, da furfurata, ina jiran a gama da waya a ba ni kamar 'yar makarantar kwana.

7. Ranka ya daɗe, duk abin da na lissafa a sama da na haɗiye shi, don na haɗiye waɗanda suka fi shi ɗaci. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

'Yata tana da ciki, bayan shekaru da aure da ɓari biyu. A inda take ba ta da uwa, ba ta da inna, daga ita sai mijinta. Na nemi biza ban samu ba. Sai na yi mata alkawari cewa ranar da abin ya zo, ko ba na cikin ɗakin, ina kan waya daga farko har ƙarshe. Ni da na riƙe hannun 'ya'yan mutane ba adadi, ba zan bar tawa ta yi ita kaɗai ba. A lissafinmu ƙarshen Oktoba ne, surukata ta riga ta shirya za ta riƙa bar mini wayarta a makon. Jariri kuwa bai karanta lissafin ba.

Ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya. Surukata tana aji, wayarta a kashe a cikin jaka kamar yadda dokar makarantarsu ta ce. Ɗana yana kan hanya. Ban san komai ba. Mijin 'yata ya yi ta kirana, ya yi ta aiko saƙo. Wayata tana kan kujera a falo, gab da akwatinku, shi kuma yana ta ƙifta fitilunsa, yana kare ni daga baƙi. Sai bayan azahar da na hau tudu sayen sabulu saƙonnin suka zubo gaba ɗaya. Na tsaya a bakin titi na karanta su a jere. Faya ta fashe. Mama ina kike. Tana kiran sunanki. Jininta ya hau. Likita ya ce bugun zuciyar jariri yana sauka. Sun shiga da ita tiyata. Mama don Allah.

Na san ma'anar kowane layi fiye da shi da ya rubuta. Ba ina cewa da na ɗauka da an fasa tiyatar ba. Likitocinsu sun yi abin da ya kamata, ni ma shi zan ce a yi. Abin da nake cewa shi ne yarinyar ta nemi muryar uwarta kafin a sa mata allurar barci, ba ta samu ba.

Sabis ɗin bakin titi ba ya ɗaukar bidiyo. Na sauko, ban san yadda gwiwar ta kawo ni ba, na faɗa shagon mai aski. Yana tsakiyar yi wa wani aski. Mai askin nan ni na karɓi haihuwarsa, da cibiya a naɗe a wuya ya fito, ni na warware ta. Da ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye injin, ya kashe talabijin, ya kori 'yan kallo, ya kakkaɓe gashi daga kujera ya zaunar da ni, ya miƙo mini wayarsa. A nan, ranka ya daɗe, a kan kujerar aski, da madubi a gabana, da wani bawan Allah mai rabin kai a aske yana tsaye a bakin ƙofa yana addu'a, na jira har aka fito da ita. A nan na fara ganin jikata, ta wayar maƙwabci, a kan intanet ɗin gidana.

Mace ce. Uwa da 'ya suna lafiya, godiya ga Allah, ba ga sashenku ba. Da 'yata ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne ta yi ta kirana. Na ce mata na sani. Ban yi mata bayanin rariya ba.

8. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, na koma ofishinku da takardun duka. Wannan karon wata baiwar Allah ce a teburin. Ta duba su, ta ce sun cika, saura mataki ɗaya: za a aika lambar tabbatarwa zuwa manhajarku da ke cikin wayar mai asusun, in karanto mata. Ta juyo da allon don in ga an aika. A nan na ga 'yan gidan da kuka tantance da idona, kuma a can sama, kafin mai aski, akwai wayar maigidana.

Tana nan. Tun da ya rasu ban kashe ta ba. Tana cikin durowar gefen gado, ina sa mata caji a inda ya saba sawa. A kulle take da zanen yatsa da shi kaɗai ya sani. Mun sha tsokanarsa a kai, yana cewa sirrin gidan ruwa ne a ciki, don a can ya yi aiki. Ba na iya buɗe ta, ban kuma yarda a kai ta wurin masu gyara su goge ba. Lokaci-lokaci takan yi haske ta yi ɗan ƙara, saƙon tsofaffin abokan aikinsa ne da ba su cire shi daga zaurensu na hira a waya ba. In ta yi, nakan ce masa ana nemansa.

Da na koma gida na tarar lambar taku ta iso. Wayar ta nuna akwai saƙo, ba ta nuna abin da ke ciki ba. Saboda haka matsayin da ake ciki a rajistarku yau shi ne: wanda ke kabari ɗan gida ne, wadda ke share gidan baƙuwa ce, kuma ba za a san ta ba sai shi ya buɗe waya ya gabatar da ita.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon mai girma Manaja cikin ladabi:

Na farko, a turo injiniya, a ranar da aka ce zai zo, wanda zai ƙirga mutanen gidan da idonsa, ya tambayi wa ba ya nan, ya shigar da wayata da ta ɗana, ya kuma bar mana mabuɗin akwatin a rubuce kafin ya sha ruwa.

Na biyu, a mayar da asusun sunana ba tare da an tashi marigayi ba.

Na uku, a sallami samarin dakali da kwamfutar nan da ba mu san mai ita ba. Mai aski kuwa a bar shi, wayarsa kawai, ban da talabijin. Shi ya zama ɗan gida ta hanyar da ba ta bi ta kwamfutarku ba.

Na huɗu, idan an zo sharar, kada a taɓa ta saman jerin, wayar maigidana. Na san ba ta da wani amfani a lissafinku, kuma na san wani yaro mai himma zai ga tsohuwar na'ura ce ya so ya gyara muku rajista. A gaya masa ya bar ta.

Na haɗa da kwafin takardun da aka nema, da kwafin wadda surukata ta sa wa hannu cewa aiki ya yi kyau, don a adana ta a wurin da ake adana irinta. Ina jiran amsarka da haƙurin da ɗakin haihuwa ya koya mini. Haƙuri ne mai tsawo, ranka ya daɗe, amma yana da iyaka: in muka jira abu ya ƙi fitowa da kansa, mun san yadda ake fito da shi.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya kuma sa duk mai nemanka a waya ya same ka.

Taka cikin girmamawa,

(sa hannu)
Mama Asibiti,
Ungozoma mai ritaya, matar mai asusun.